Mun ƙirga ƙuri'u, amma ba mu saurara ba



Masu kama tasharmu sun san filin da muka buɗe bara, bayan komawa makaranta a watan Oktoba. Kowace Asabar da la'asar muna sa waƙoƙin da ƴan CEG da ƴan lise suka tsara da kansu, masu saurare su zaɓi gwani ta SMS. Yanzu da ake shirin zagaye na biyu, wasu na cewa a rufe filin, wasu na cewa a bar shi yadda yake. Mu dai ga namu ra'ayi: filin zai ci gaba, amma ba yadda yake ba. Kuma ku ne kuka koya mana dalili.

Gaskiya a makonnin farko kanmu ya kumbura. Saƙonni na shigowa kamar ruwan Agusta, muna karanto lambobi a iska muna tafi. Sai daga baya muka zauna muka duba da kyau. Lamba guda ta aiko saƙo ya fi sau talatin. Yaron da ke gaba, makarantarsu ce ta fi yawan ɗalibai, kuma akwai mai saya musu kiredi. A can ƙasan jeri kuwa akwai wani yaro daga CEG ta ƙauye, wanda ya ɗauki waƙarsa da salula, abokinsa na buga masa jarka. Ƙuri'unsa ba su taka kara sun karya ba. Amma waƙarsa ce muka riƙa ji a bakin ƴan kabu-kabu, ita ake turawa daga salula zuwa salula a fada wajen shan shayi. Ashe abin da muke aunawa aljihu ne da yawan abokai, ba waƙa ba.

Gyaran gaskiya bai zo ta ƙuri'a ba. Ya zo ta bakin mutanen da da farko ba mu so jin su ba.

Wata dattijuwa ta kira daga wajen Tibiri, ta ce: "Ɗana, ni fa ban ji abin da ɗiyan nan ke faɗi ba. Kiɗa ya danne magana, muryar kuma kamar ta inji." A sitidiyo mun yi dariya, Allah Ya yafe mana. Da muka koma gida muka kunna shirin a ƙaramar rediyo mai batir, sai muka ga Inna ta fi mu gaskiya. Mu da manyan abin sauraro a kunne muke ji, alhali akasarin jama'a da ƴar rediyo ko salula suke kama mu, a kasuwa, a gona, a bakin tanda. Yaran sun biya jikka 5, wasu jikka 10, an cika musu murya da gyaran kwamfuta har kalmomi sun narke. Mu Hausawa kuwa magana muke bi a waƙa. Abin da ya sa har gobe ake sauraren Shata da Ɗan Anace ke nan, ga namu marigayi Sa'adu Bori: kana jin kowace kalma, ka ɗauke ta ka tafi da ita.

Sai wani mushe ya tare mu a bakin masallaci, ransa a ɓace. Ya ce mun sa wasan ƙarshe a watan Mayu, daidai lokacin da ƴan 3e ke fama da shirin BEPC, ƴan Terminale na fama da BAC. Akwai ɗalibinsa da ya yi kwana uku bai shiga aji ba yana yawon neman ƙuri'a. Me za mu ce? Mu ma ta wannan hanya muka biyo, mun san yadda watannin Mayu da Yuni suke ga ɗan makaranta. Mantuwa ce, kuma tamu ce.

Saƙon da ya fi taɓa mu ta WhatsApp ya zo, muryar wata yarinya, a hankali kamar tana tsoron a ji ta. Ta ce tana da waƙoƙi cike da littafi, amma babanta ba zai bar ta ta je sitidiyo da dare cikin samari ba, kuma ita ma ba ta ga laifinsa ba. Sai a lokacin muka lura cewa a duk zagayen ƴan mata biyu kaɗai suka shiga. Mun ɗauka ba su da sha'awa ne. Ashe ƙofar da muka buɗe ba irin wadda za su iya bi ba ce.

Akwai kuma laifin da ya fi kowanne nauyi. Mun bar layi a buɗe, wani ya kira ya yi wa yaro ɗan shekara 15 ba'a a iska, har da ambaton sana'ar mahaifinsa. Kafin mu katse, magana ta riga ta fita. Ranar Litinin aka yi ta tsokanar yaron a makaranta, bai sake dawowa filin ba. Mun je har gida mun ba iyayensa haƙuri, yau kuma muna maimaitawa a bainar jama'a. Sukar waƙa daban, cin mutuncin yaro daban.

To, masu cewa a rufe fa? Cikinsu akwai iyaye da malamai da muke girmamawa, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce: suna tsoron batsa, da shashanci, da watsar da karatu. Mun ji, mun ɗauka. Sai dai sauraron jama'a ba yana nufin bin duk abin da aka faɗa ba. In mun rufe, yaran ba za su daina waƙa ba. TikTok za su koma, inda babu babba ko guda da zai ce musu wannan baitin bai dace ba. Kuma ƙasar nan ta daɗe da sanin darajar renon mawaƙa. Tun shekarun 1980 ake gasar Ɗan Gurmu, wadda aka sa wa sunan mawaƙin nan na Tawa. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya. Marigayi Mamman Barka, wanda ya kai kiɗan biram har Turai, malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi. Alli da waƙa ba abokan gaba ba ne.

Saboda haka ga abin da muka tsaida. Lamba guda, ƙuri'a guda, kuma ƙuri'a rabin maki ce kawai. Sauran rabin na hannun alƙalai: malamin makaranta, uwa, da tsohon makaɗi. Za a ɗauki waƙa a gidan rediyo da rana, kyauta, da izinin iyaye, ƴan mata kuma abokiyar aikinmu ce za ta karɓe su. Za mu karanta baitoci kafin su hau iska. Wanda ya ɗora murya a kan kiɗan wani, irin na finafinan Kano, ba zai shiga ba, don haƙƙin mai shi ne, kuma dalilin kafa hukumar BNDA ke nan. Za a kammala komai kafin ƙarshen Maris. Sannan sau ɗaya a wata za mu ɗauki na'ura mu fita Jiratawa, Madarunfa, Gidan Rumji, maimakon jiran ƴan ƙauye su biya kuɗin mota.

Ku kuma ƙannenmu mawaƙa, ga nasiha. Abokin da ya ce maka "ka kashe su" ƙaunarka yake yi, amma bai ƙara maka komai ba. Kai wa kakarka waƙar a ƙaramar salula. In ta iya maimaita maka amshin, ka yi waƙa. In ta ce "me ka ce?", koma ka gyara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Masu saurare, kada ku gaji da mu. Wanda ya ga inda muka karkace ya faɗa mana, ko a layi, ko a hanya in mun haɗu. Inna ta Tibiri, in wannan ya kai gare ki ta bakin jikoki, mun gode, kuma wannan karon za ki ji kowace kalma in sha Allahu.

Allah Ya raya mana yaranmu, Ya ba masu jarrabawa sa'a. Sai mun haɗu ranar Asabar.