Nasiha Ga Masu Zuwa Biki A Ƙasar Waje

 Ina so yau mu yi shawara a kan wata al'ada da ta shigo mana, wadda iyayenmu ba su san ta ba. A da idan mutum zai aurad da 'yarsa, a ƙofar gidansa a ke shimfiɗa tabarmi, liman ya zo, waliyyai su zauna, a ɗaura aure, a raba goro, a shafa fatiha, kowa ya koma harkarsa tun rana ba ta yi zafi ba. Yanzu kuwa waɗansu masu hali sun ɗauki bikin 'ya'yansu ɗungum sun kai shi ƙasar waje, galibi birnin Dubai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kana zaune a rumfarka ko a zaurenka sai ka ga kati ya iso da sunanka a kai. Ba ni da magana yau da mai dukiya a kan inda ya ga damar kashe dukiyarsa. Maganata da wanda aka gayyata ce, domin shi ne ya kan sha wuya ba wanda ya sani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wani maƙwabcina mai sayad da atamfa. Ubangidansa, wanda ya ke ba shi kaya bashi, ya kira shi bikin ɗansa a can. Kunya ta hana shi ba da uzuri. Ya karya kuɗin kaya ya sayar da gaggawa, ya biya biza da tikiti, ya yi ɗinkin anko nasa da na uwargida, ya tashi yana tsammanin masauki duk yana wuyan mai biki. Ashe kwana 2 kaɗai aka biya masa, jirgin komowarsa kuwa sai bayan kwana 5. Sauran kwanakin daga aljihunsa suka fito. Ya komo ya tarad da rabin rumfa wayam. Ubangidan da aka je dominsa, gaisuwa ɗaya suka yi cikin taro, ranar biyan bashi kuwa ba a ɗaga masa ita ko da kwana guda ba.

Na san abin da waɗansu za su ce: zumunta a ƙafa ta ke, amsa kiran walima kuma wajibi ne. Gaskiya ne, ban musa ba. A mazhabar Malikiyya wanda aka ambaci sunansa aka kira shi walimar aure, amsawa ta hau kansa. Amma malaman da suka faɗi wannan su ne kuma suka lissafa uzurorin da ke sauke wajabcin, kamar ciwo, da jinyar ɗan'uwa, da tsoron hasarar dukiya, da nisan wuri wanda zai wahalad da mutum, da kasancewar abin ƙi a wurin taron. To, in ruwan sama mai yawa da taɓo sun isa uzuri ga wanda ke gari ɗaya da mai walima, ina ga wanda sai ya yi awa 8 a sama daga Ikko, ko kuwa ya tashi daga Kano ya ya da zango a Alƙahira ko Adis Ababa? Saboda haka kada kowa ya ci bashi ko ya taɓa jarinsa yana cewa shari'a ce ta tilasa shi. Ba ta tilasa shi ba. Mai hali ya tafi, Allah ya kiyaye hanya. Maras hali ya taka har gidan uban ango ko uban amarya tun kafin su tashi, ya yi musu fatan alheri, ya miƙa gudummawarsa gwargwadon ƙarfinsa. Wannan ma zumunta ce a ƙafa. Kashi ɗaya cikin goma na kuɗin jirgin nan, in an sa shi a hannun ango, ya fi yi masa amfani bisa ga ganin fuskarka a cikin taro.

Wanda kuwa ya auna aljihunsa ya ga zai iya, sai ya tuna baƙo ne shi sau biyu. Baƙon mai biki ne, baƙon hukumar ƙasar ne kuma. Mai biki ya san ka, ya san ubanka, zai yi maka kara. Hukuma ba ta san ka ba, takardarka kaɗai ta sani. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun gane wannan sarai. Madugu ba ya ɗaga ayari sai ya san zangon da za a kwana, da mashigin da za a biya fito, da sarkin da za a kai wa gaisuwa. Jirgin sama ya gajarta hanya, amma wannan wajibi yana nan yadda ya ke.

Farkon abin dubawa takardu. Katin gayyata ba biza ba ne, ko da da ruwan zinariya aka rubuta shi. Ka duba fasfonka, ya zama da sauran wata 6 a ƙalla kafin ya ƙare, domin da wannan sharaɗi a ke shiga ƙasar. Ka tuna kuma ƙofar nan ta taɓa rufewa: a shekarar 2022 Daular ta tsai da ba 'yan Nijeriya biza, ba ta buɗe ba sai watan Yuli na 2024, sharuɗɗan kuwa su kan sauya. Don haka kada ka sayi tikitin da ba a mai da kuɗinsa sai biza ta shiga hannunka, kada kuma ka danƙa fasfo da kuɗi ga ɗan kamashon da ba shi da ofis, ba shi da mai tsaya masa. Ka nemi katin allurar rigakafin shawara da wuri, gama ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ko da ya ke tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa mutum har iyakar ransa. In biza ta fito, sa a karanta maka yawan kwanakin da aka ba ka. Wanda ya zarce, tara a ke lissafa masa kowace rana, ba zai fita ba kuwa sai ya biya.

Na biyu, ka tambayi mai biki baki da baki: wa zai biya masauki, kwana nawa, wa zai ɗauke ni daga filin jirgi, abinci fa? Mu Hausawa muna jin nauyin irin wannan tambaya, muna ganin ta kamar roƙo. Amma kunyar rabin sa'a a zauren Kano ta fi sauƙi bisa ga tsayuwa gaban akawun hotal da jaka a hannu. Kuɗinsu dirhami ne, an ɗaure shi da dalar Amurka, dala 1 tana daidai da dirhami 3.67, watau duk abin da za ka saya can kamar da dala ka ke sayensa. Ka riƙe guzurin kwana 2 ko 3 fiye da lissafinka, domin jirgi ya kan yi jinkiri. Ka yi inshorar lafiya, musamman in kai dattijo ne, don asibitinsu akwai tsada ga baƙo. Attajirin da zai fita da kuɗi a hannu ya sani, abin da ya wuce dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan na Nijeriya, abin da ya wuce dirhami 60,000 kuma sai an bayyana wa na can. Bayyanawa ba ta rage maka ko anini, ɓoyewa ce ke jawo a riƙe dukiyar.

Na uku, kaya, nan ne kuwa halaka ta fi yawa. Kada ka karɓi saƙon kowa a ɗaure, ko da a filin jirgi aka haɗa ka da Allah aka ce turaren amarya ne aka manta. A kwance a gabanka ka gani, in an ƙi, kai ma ka ƙi. Duk abin da aka samu a jakarka naka ne a wurin alƙalinsu. Magunguna irin su tiramadol da kodin, waɗanda waɗansu ke sha a nan ba tare da tunani ba, a can suna cikin abin da aka tsare ƙwarai, ba a shiga da su sai da takardar likita da izinin hukumar lafiyarsu. Mai ciwon da ya ke kan magani ya tafi da shi cikin kwalinsa na asali tare da takardar likitansa. Alhazai sun riga sun san yadda a ke gargaɗinsu kowace shekara a kan ɗaukar goro zuwa Saudiyya. To, haka kowace ƙasa ta ke da nata abin da ta hana, sai a tambaya tukuna kafin a cusa kilishi da daddawa a akwati.

Ga wata magana kuma musamman ga malamai, ina roƙo a saurare ta da kyakkyawar fahimta. Laya da guru da hatimi da ƙullin garin magani, waɗanda a nan ba mai ɗaga ido ya dube su, kwastan na Dubai suna lissafa irinsu cikin kayan sihiri, suna ƙwacewa, dokar ƙasar kuwa ta tanadi hukunci a kan shigo da su. Ba za ka sami zarafin buɗe littafi ka yi musu bayani a bakin ƙofa ba. In uwar amarya ta ce a taho wa yarinya da ɗan taimako, a bari sai ta komo gida. Haka nan ba a tashi a masallacinsu a yi wa'azi, ko a kafa karatu, ko a tara taimakon makaranta, sai da izinin hukuma. Bara ma laifi ce a dokarsu. Wanda ya saba bin manya wurin biki don abin da zai samu, ya san wannan kafin ya hau jirgi.

Na huɗu, zama da mutanen ƙasar. Baƙo ko da ido makaho ne, sai ya riƙa duban abin da 'yan gari ke yi. Ɗaukar hoton mutum ba da yardarsa ba, balle mace, balle a watsa shi a waya, abu ne da a ke kai mutum kotu a kansa. Zagi da ɗaga murya a kan ma'aikaci ko direba haka. 'Yan rakiyarka da samarin gidanka, ka ja musu kunne tun a gida, domin in ɗaya ya yi ɓarna sunan ƙasarmu duka a ke kira. In bikin ya faɗo a watan Yuli ko Agusta, zafinsu ya kan haura digiri 40, ga gumi irin na bakin teku, tsoho ya yi hankali da yawon rana.

Na biyar, salla. Mu a nan mun saba har muna kiran alƙibla gabas. To, Dubai tana gabashin Makka, alƙiblarsu yamma ta ke kallo. Wanda ya shimfiɗa buzunsa ya fuskanci mafitar rana bisa ga sabo, ya ba Ka'aba baya. A yawancin ɗakunan hotal akwai alamar alƙibla a rufi ko a kan tebur, a neme ta. Agogonsu yana gaban namu da awa 3, sai a gyara tun a jirgi. Batun ƙasaru kuwa malamai sun fi ni sani: tafiyar mil 48 ta halatta shi, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku sai ya cika sallarsa. Na ambata ne don attajirai su ƙidaya kwanakin bikin tun kafin su sauka.

Na san kuma ba ɗan kasuwar da zai je Dubai ya komo bai leƙa kasuwannin Deira ba. Ba laifi, sai dai a raba jakar biki da jakar jari, kada ɗaya ta ci ɗaya. A san nauyin kayan da tikiti ya yarje, gama kuɗin abin da ya haura ya kan cinye riba. A tuna kuma bizar ziyara ba ta ba mutum ikon kama aiki ba. Yaron da ya ce zai bi ka biki alhali niyyarsa ya ɓace a can, kada ka sa hannu a takardarsa.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga masu biki. In kun kira mutum, ku faɗa masa a fili abin da kuka ɗauka da abin da kuka bar masa, ku kuma sauƙaƙa wa wanda ya ba da uzuri, kada ku riƙe shi a zuci. In kun komo, ku yanka ko da ɗan akuya ne a ƙofar gida, liman da maƙwabta da almajirai su ci su sa albarka. Malamai sun san abin da ya zo na zargi a kan walimar da a ke kiran mawadata a bar matalauta, bikin da ba a isa gare shi sai da fasfo kuwa ya tace mutane tun kafin a ɗora tukunya.

Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya kai matafiya lafiya, ya komo da su ga iyalinsu ba bashi a wuyansu.