ƘOFAR MAKARANTA BA FILIN SUKUWA BA NE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk wanda ya tsaya a bakin titin da ya taso daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, ko kuwa bayan sallar La'asar lokacin tafiya Islamiyya, lallai zai ga abin da zai tayar masa da hankali. Yara ne ƙanana, wani riƙe da hannun ƙanensa, wata rungume da jakar littattafai, sun yi cirko-cirko suna jiran sararin da za su tsallaka, alhali babura da Keke Napep da motoci suna ta sheƙa gudu kamar waɗanda aka biyo. In yaro ya gaji da jira sai ya runtse ido ya ruga. In ya tsallaka lafiya a ce Allah Ya kiyaye, in an kaɗe shi a ce tsautsayi ne.

To amma abin tambaya a nan shi ne, shin kowane irin ganganci ma sunansa tsautsayi?

Sanin kowa ne cewa ba don mota aka tsara birnin Zazzau ba. Hanyoyin da suka shigo ta Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona da sauransu, masu tafiya a ƙasa da jakuna da dawaki ne suka fitar da su. Shi ya sa zaure da masallaci da makaranta duk a bakin hanya suke buɗe ƙofa. Daga baya aka zuba kwalta, wasu titunan ma aka faɗaɗa su. Titi ya yi santsi, gudu ya ƙaru, amma ƙofar makaranta tana nan inda take, taku biyu ne tsakaninta da tayar mota.

Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade gudun kilomita 50 a awa ɗaya a cikin gari. Wannan kuwa ya yi yawa a gaban makaranta, kuma lissafin ba mai wuya ba ne. Mai gudun 50 yana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafarsa ta kai kan birki ya riga ya wuce tsawon shaguna uku ko huɗu. Mai gudun 30 kuwa mita 8 kacal yake ci. Bayan an taka birkin ma, nisan da mai gudun 50 zai ja kafin ya tsaya ya kusan ninka na mai gudun 30 sau uku. A wannan ɗan tsakanin ne ake rabuwa, wani yaron ya tashi da ƙujewa, wani a kai shi makwanci.

Wannan ne ya sa taron ministocin ƙasashen duniya da aka yi a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 2020 ya yi kira da a mayar da iyakar gudu kilomita 30 a duk inda mutane da ababen hawa suke cuɗanya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Wa ke da alhakin gyara? Tsarin mulkin 1999, wanda su mahukuntan suka yi rantsuwa a kansa, ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina titunan cikin gari da kula da su da fitilunsu, ya kuma sa su cikin masu kula da ilimin firamare. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ga hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya tun 1988, ga kuma KASTLEA ta jiha. Hukumomi dai ba a rasa ba. Nawa ne kuɗin allon ƙarfe da gwangwanin fenti, in aka kwatanta da abin da ake kashewa wajen manna hotunan 'yan takara a kowane bango?

Abin da ake bukata a fili yake. Ƙaramar hukumar Zariya ta yi doka cewa gudu a gaban kowace makaranta kada ya wuce 30. A kafa alluna tun daga nesa, da Hausar boko da ajami da kuma hoto, domin allon Turanci bai amfani wanda bai iya karanta shi ba. A shata layin tsallakawa, a yi kunyoyin rage gudu bisa ƙa'ida a shafa musu fenti, maimakon tulin ƙasa da kututture da jama'a ke jibgewa bayan an yi rashi, waɗanda su ma sukan kayar da mai babur da dare. Kuma kada a taƙaita dokar ga makarantun boko. A cikin birni yaro yana kan hanya tun daga karatun allo na asuba, zuwa boko, zuwa Islamiyyar yamma, har makarantar dare bayan Isha'i.

Sai dai fa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Su wane ne a kan baburan nan? Akasarinsu matasa ne Musulmi, cikinsu har da masu cika sahun gaba a masallaci da wuraren ta'alimi. Wani ma har yakan ce ai dokar hanya dokar gwamnati ce, ba ruwansa da ita. Wannan kuskure ne babba. Wanda rashin adalcin mahukunta ya dame shi, shi ya fi cancanta ya ji tsoron zubar da jinin ɗan talaka. Tun kafin a san kwalta, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (RA) ya lissafa kame cuta daga mutane a cikin haƙƙoƙin hanya. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kaffarar da a yau take komawa ga azumin wata biyu a jere. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne. In kuskure ma sai an yi diyya da kaffara, ina ga wanda ya ga yara a gabansa ya ƙara murɗa totur? Ina ga masu wasa da babur a rakiyar ango?

Saboda haka bai kamata 'yan uwa matasa su zauna jiran mahukunta ba. Kowace unguwa, daga Kwarbai zuwa Anguwan Juma zuwa Limancin Kona, tana iya fitar da mutum biyu da za su riƙa tsayawa a ƙofar makaranta lokacin shiga da tashi suna tsallakar da yara. Malaman Islamiyya su ware minti biyar su koya wa ɗalibai duba dama da hagu. Masu unguwanni da limamai da iyayen yara su rubuta takarda su kai sakatariya da ƙafarsu, in an yi shiru su sake komawa. Ƙungiyoyin 'yan acaba da na Keke Napep su ladabtar da nasu tun kafin wani ya ladabtar da su.

Wanda kuma ya gama karanta wannan shafi a bakin masallaci ya nufi inda ya jingine babur ɗinsa, to ya sani nasa gwajin ya fara daga nan zuwa gida.

Allah Ya tsare 'ya'yan Musulmi, Ya kiyaye hannun kowa daga ɗaukar alhakin rai. Wassalam.