Sirdin keke ba ya son matashi

Yara, bara ina da wani ɗalibi a aji biyar. Gidansu yana can bakin Komadugu, wajen garaken tattasai. Da ƙafa yake zuwa makaranta, kullum a makare. Da aka sayar da tattasai, sai babansa ya bar masa tsohon kekensa. Kwana uku yaron nan yana riga kowa zuwa. Ran na huɗu ya zo yana tafiya a buɗe, ya zauna a kan benci da gefe ɗaya. Ran na shida bai zo ba sam.

Da na je gidansu na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai, ya ce: «Mushe, wurin zama ne, ina jin kunyar faɗi.» Na dubi keken. An ɗaure wa sirdinsa tsumma da soso, ya yi tsororo kamar gammo.

Tun shekarar 2015, lokacin da aka hana hawan babur a jihar Difa saboda rikicin Boko Haram, mutane da yawa suka koma ga keke. Yara ma suka samu rabonsu. Amma yawancin kekunan da ke hannunku na manya ne, irin su Phoenix masu dogon ƙarfe. Ni a ganina, nan ciwon yake farawa. Manya kan ce wa yaro ya daure, jiki zai saba. Rabin maganar gaskiya ce. Wasu kuma su ce a ƙara soso. Wannan kam ban yarda da ita ba.

Ku zauna a kan tafin hannunku. Za ku ji ƙasusuwa biyu masu tsini. Su ne aka yi don ɗaukar nauyin mai zama. In sirdi yana da ɗan tauri, su ke ɗaukar nauyin. In aka tula masa soso, sai ƙasusuwan su nutse, nauyin ya koma kan tsoka mai laushi da ke tsakani. Ga shi kuma tsumma yana shan gumi, yana riƙe ƙura, yana goga cinya. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40 a Difa, ba a daɗewa fata ta saluɓe, maruru ya fito. Masu dawaki na ƙasar Manga sun san haka tun da: sirdin da bai zauna daidai ba shi ke yi wa doki miki a baya.

Abin da muka yi da yaron nan ba wuya. Muka kwance tsumman duka. Muka kai keken wurin mai gyara a bakin kasuwa, ya sa sifana ya sassauta sirdin. Yaron ya hau, wani ya riƙe masa, ya ɗora diddigensa a kan feda tana can ƙasa. Aka yi ta sauke sirdin har ƙafarsa ta miƙe ba tare da ƙugunsa ya karkata ba. Da ma tsawo ya yi masa yawa, sai ya riƙa zamewa dama da hagu don ya kai feda, kowace zamewa kuwa guga ce. In sirdi ya yi ƙasa ainun, shi ma ba daɗi, gwiwa ce za ta yi kuka. Daga nan aka daidaita hancin sirdin, kada ya ɗaga sama, kada ya duƙa ƙasa. Dukan aikin bai kai minti 10 ba.

Sauran kuwa naku ne. Kada sabon mahayi ya ce ran farko sai ya kai Shetimari ya dawo. Minti 15 ko 20 sun isa, gobe a ƙara kaɗan. Tsamin jikin farko yakan tafi cikin sati biyu ko makamancin haka. In kun bar kwalta kun shiga hanyar garka mai gargada, ku miƙe tsaye a kan feda. In yashi ya yi yawa, ku sauka ku tura, ba abin kunya ba ne. Ku guji wando mai kaurin ɗinki a tsakiya. Kun dawo gida, ku wanke wurin da sabulu, ku shanya jiki, ku sake wando. Ɗan man kaɗanya yana rage guga.

Amma miki, ko maruru, ko wurin ya mutu ba ku jinsa, wannan ba abin daurewa ba ne. A ajiye keke, a gaya wa Baba ko Inna, a tafi gidan likita. Ƴan mata, ku ma da ku nake. In ba ku iya gaya mini, ku gaya wa malama.

Ɗalibin nan ya yi kwana biyar yana zuwa da ƙafa har fatar ta warke, sannan ya koma hawa. Sosonsa kuwa yana nan ajinmu, da shi muke goge allo.