Lissafin nukiliya bai kamata ya jira izinin wani ba

A shekarar 2018 aka sauya makamashin ƙaramar na'urar nukiliya ta NIRR-1 da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, daga yuraniyam mai ƙarfi sosai zuwa mai sauƙi. Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, sai da kwamfuta ta lissafa inda ƙwayoyin nutron za su bi, da abin da za su yi karo da shi.

Wannan lissafi yana dogara ne da bayanan da aka auna a ɗakunan gwaji. Amurka na da rumbunta, ENDF/B, a cibiyar bincike ta Brookhaven. Japan na da JENDL, Turai kuma JEFF. Kowa na iya sauke su kyauta, amma ɗanyen hatsi ne. Sai an niƙa su da manhajar NJOY, an daidaita su da zafin da na'urar ke aiki a kai, kafin manhajar lissafi irin MCNP ta iya karantawa. Ita kuwa MCNP, Amurka ba ta ba da ita sai an nema an tantance mai neman, abin da ke sa ɗalibin Afirka zaman jiran tsammani.

Hanya ta samu. Cibiyar bincike ta Los Alamos ta buɗe NJOY ga kowa, sannan manhajar OpenMC mai aiki irin na MCNP, wadda aka fara a jami'ar MIT, ana samunta kyauta tare da bayanan da aka riga aka sarrafa.

Ya kamata jami'o'inmu su ajiye waɗannan rumbuna a kwamfutocinsu na gida, su koya wa ɗalibai sarrafa su da hannunsu.