Feshin gona da cutar daji: haɗarin da ke ɓuya shekaru

Duk damina, manoman Ruwan Bago da ƙauyukan Rogo da Ƙaraye na feshin maganin ciyawa, galibi ba safar hannu ba takunkumi. Da yake ba a faɗuwa nan take, sai a ɗauka babu illa.

Tun 1775 likita Percivall Pott na Landan ya lura kunkunniya na haddasa cutar daji ga masu share bututun hayaƙi, shekaru bayan sun fara aikin. Daga baya aka gano irin waɗannan sinadarai na lalata ƙwayoyin halitta sannu a hankali. A 2015, cibiyar binciken cutar ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai yiwuwa maganin ciyawa na glyphosate na haddasa ta.

Idan malaman gona suka jira sai ciwo ya bayyana kafin su gargaɗi manomi, an makara.