Ra'ayinmu: A Bar Baiko da Sadaka, a Karɓi Harajin Kasuwanci

Idan aka taso da zancen sanya wa coci-coci haraji, mutane da dama a Daura sukan ɗauka ba da su ake ba, tunda Kiristocin masarautar 'yan kaɗan ne. Alhali a idon doka coci da masallaci layi ɗaya suke. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya ɗanɗani zafin taɓa ƙungiyoyin addini har sau biyu yana shugaban ƙasa. A Janairun 2017, wata ƙa'ida da ta ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyin addini wa'adin shekara 20 ta sa Fasto Enoch Adeboye ya sauka daga jagorancin cocinsa a Najeriya. Ƙura ta tashi, aka dakatar da ƙa'idar, aka sallami Jim Obazee, shugaban hukumar da ta fitar da ita, wanda ya kafe a kanta. A Agustan 2020 kuma Buhari ya sa hannu a dokar kamfanoni ta CAMA, wadda sashenta na 839 ya ba hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya, sai ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta ce ba za ta saɓu ba.

Masu son harajin suna da hujja. Akwai shugabannin addini masu jiragen sama na kansu, da jami'o'in da ɗan talakan da ya ba da baiko ba zai iya biyan kuɗinsu ba. Masu ƙi ma ba su faɗi ƙarya ba: gwamnatin da ta riƙe takardar harajin mai wa'azi ta riƙe harshensa.

Mu dai ba mu yarda a taɓa farantin baiko ko akwatin da ake ajiyewa a ƙofar masallacin Juma'a ba. Tsofaffin takardun naira ɗari da ke ciki guminsu ne na manomin Baure da ɗan kamashon kasuwar Mai'adua, kuma da su ake biyan kuɗin wuta da gyaran rufi. Amma shagunan hayar da aka jera a jikin katanga, da ɗakin taro, da gidan burodi, kasuwanci ne. Dama dokar haraji ba ta taɓa yafe ribar kasuwanci don mai ita ƙungiyar addini ce ba. Karɓar ce ake jin tsoro.

Abin da ya fi damun mu shi ne siyasa. Da zaɓe ya gabato sai ka ga dardumomi sababbi, da sola, da kujerun Makka ko Urushalima, daga nan huɗuba ta fara karkata. Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta kamfe a wuraren ibada, amma kowa ya ji abin da aka riƙa faɗa a kan mumbari da bagadi gabanin zaɓen 2023.

Muna kira ga Majalisar Masarautar Daura, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Faruk Umar Faruk, ta tara limamai da fastoci su amince a riƙa karanta wa mabiya lissafin asusu duk shekara, tare da sunan duk ɗan siyasar da ya ba da gudummawa da adadin da ya bayar.