Wasan bidiyo: a tankaɗe suka kafin a mai da martani

Daga Yamai zuwa Damagaram, wasan bidiyo ya daɗe da fita daga gidajen masu hali ya shiga unguwa. Akwai ɗakunan wasa inda ake biya a zauna gaban tele a buga ƙwallo da na'ura, ga kuma salula da ta kawo wasan har cikin aljihu. Na'urar PlayStation ta farko ta fito a Japan a 1994, don haka yaran da suka tashi da ita yau magidanta ne, wasu na buro, wasu na kanti, kuma da yawansu ba su daina ba. Duk inda aka gan su da abin dannawa a hannu, magana na biye: ƙato da gemu yana wasan yara, ɓata lokaci ne, al'adar Turawa ce, shi ke lalata tarbiyya.

Mafi yawan masu wasan hanya biyu suke bi in an soke su. Wani ya hasala ya ce dattawa ba su waye ba, wani kuma ya koma yi a ɓoye kamar mai shan abin da aka hana. Ra'ayinmu shi ne duka biyun asara ce. Suka kamar hatsi take a faifai, da tsaba da tsakuwa a haɗe, kuma mai hankali tankaɗewa yake yi, ya zubar da wadda ba ta da tushe cikin ladabi, ya riƙe wadda ta taɓa gaskiya ya gyara da ita.

Mu fara da mai sauƙi, wato cewa wasa na yara ne kuma baƙon abu ne. Ƙasar nan ba ta taɓa ɗaukar wasa a matsayin abin kunya ga babba ba. Dattawa na zama a inuwa su haƙa ramuka 30, kowa da sandunansa 12, su buga dara daga la'asar har rana ta yi ja, ba wanda ke ce masu sun koma ƙuruciya. Ma'aikata na buga karta bayan an tashi daga aiki, matasa na raba dare a fada kan shayi, gari kuma kan tsaya cik in ana kokowar neman takobi, wadda aka fara a matakin ƙasa tun 1975 a Tawa. Ƙwallon ƙafa daga Ingila ta zo, amma ba mai cewa Mena baƙuwa ce. Har a wasannin nahiyar Asiya da aka yi a Hangzhou ta ƙasar Sin a 2023 an raba lambobin yabo ga masu gasar wasan bidiyo. Sai dai kada mai wasa ya fake da wannan, domin cikin masu buga ƙwallo a ɗakin unguwa kusan ba wanda zai ci abinci da ita. Hujjarsa ta gaskiya ta fi haka sauƙi: mutumin da ya sauke nauyin da ke kansa yana da haƙƙin ya huta, kuma shi zai zaɓi abin da zai huta da shi, in dai halal ne.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce cewa wasannin harbe-harbe na koya wa yara tashin hankali. Wannan muhawara ta girmi yawancin masu yin ta. A 1993 majalisar dattawan Amurka ta yi zama na musamman a kan wasanni irin su Mortal Kombat saboda jinin da ake nunawa a ciki, abin da ya sa kamfanonin suka kafa tsarin rarraba wasanni bisa shekaru a 1994. Turai ta kafa nata, mai suna PEGI, a 2003, shi ne lambobin nan 3, 7, 12, 16 da 18 da ake gani a jikin kwalin wasa. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana cewa babu isasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna wasan bidiyo na haddasa aikata ta'asa, ko da yake ta yarda akwai ƴar alaƙa tsakaninsa da zafin kai na ƙananan abubuwa kamar tsawa da ture-ture. To, a nan rabin gaskiya na hannun mai suka. Magidancin da ke buga wasan yaƙi da dare bai zama ɗan ta'adda ba, amma in ya bar wasan da aka rubuta wa 18 a hannun ɗansa mai shekara tara, shi ya ba da ƙofar zargi. Haka mai ɗakin wasan da ke karɓar kuɗin kowane yaro ba tare da duba abin da ya kunna masa ba.

Suka ta uku ita ce wadda bai kamata kowa ya toshe kunne a kanta ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, kundin da ya fara aiki a Janairun 2022. Masu suka kan ɗauko wannan su ce an gama magana, likitoci ma sun ce cuta ce. Amma a karanta abin da hukumar ta shimfiɗa. Alamomi uku ta kawo: mutum ya kasa sarrafa lokacin farawa da na tsayawa, wasan ya shiga gaban sauran al'amuran rayuwarsa, sannan ya ci gaba da yi alhali yana ganin ɓarnar da yake jawo masa. Ta ƙara da cewa sai abin ya yi wa iyali, karatu ko sana'a illa ta a zo a gani, kuma galibi sai ya kai wata 12 ana ganin haka. Ita kanta hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke faɗawa wannan hali. Ashe ma'aunin na kan abin da wasan ya ture. In ya ture zaman banza, ba laifi. In ya ture salla, barci, buɗe kanti da wuri, fayil ɗin da talaka ke jira a buro ko hira da iyali, to mai suka ya yi gaskiya, komai ɗacin harshensa.

Ɗan kasuwa ya san lissafi ba ya ƙarya, don haka mu yi shi. A ce ana biyan dala ashirin kowane wasa, mutum ya buga biyar a yini. Dala ɗari ke nan kullum, jika 15 a wata, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a ƙasar nan, jika 42. Wasannin salula irin su Free Fire da PUBG kyauta ake sauke su, amma suna shan kuɗin intanet, kuma an gina su ne yadda za su riƙa jan mutum ya sayi kaya a ciki. Wasu wasannin ma akwati suke sayarwa a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, abin da hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce caca ne a 2018. In kuwa aka kai ga aza kuɗi a kan wanda zai ci wasa a ɗakin unguwa, an fita daga hutu an shiga caca tsagwaronta, kuma ba hujjar da za ta wanke ta.

Saura yadda za a amsa. Abu na farko, a dubi mai maganar. Ɗan zaman kashe wando da ya jefo habaici a bakin hanya, murmushi ya ishe shi. Amma in uwargida ce ta ce, “Maigida, tun da ka shigo ba ka ɗaga kai ka dubi yaran nan ba,” to ba wasan take zargi ba, rashinka take kuka, kuma ba a amsa wannan da labarin Hangzhou. In mahaifi ne ya yi faɗa, gardama ba ta da amfani ko da kai ke da gaskiya. “To, Baba, na ji, za a gyara” ta fi dogon bayani, muddin gyaran ya biyo baya. Abu na biyu, mutum ya yanka wa kansa lokaci da kuɗi, ya faɗa a fili, ya kuma tsaya a kai. Wanda aka san ba ya taɓa na'ura sai bayan isha'i, sa'a ɗaya ko biyu, kuma ana ganin sa a wurin aiki kan lokaci, bakin masu suka da kansa yake mutuwa. Abu na uku, a fito da wasan tsakar gida. Uban da ya zauna ya buga ƙwallo da ɗansa ya san abin da yaron ke kallo, ya san da wa yake magana ta intanet, kuma in ya ce a kashe, ana kashewa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Masu suka su ma akwai magana a kansu. Zagi da fasa na'ura ba su taɓa raba yaro da wasa ba, sai dai su tura shi gidan aboki inda ba mai sa ido. Ƙasar Sin ta bi hanyar doka a 2021, ta taƙaita wasan intanet na ƴan ƙasa da shekara 18 zuwa sa'a ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu. Mu ba mu da irin wannan iko a kan kamfanonin waje, amma abin da ke hannunmu bai yi kaɗan ba. Magadan gari na iya sharɗanta wa masu ɗakunan wasa kada su karɓi ƴan lakwal a lokacin karatu, kada su bari a aza kuɗi, su kuma mutunta lambar shekaru. Kuma ƙasar da kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, ya kamata mahukuntanta su tambayi kansu filayen wasa da ɗakunan karatu nawa suka tanadar wa waɗannan yara a unguwanni, kafin su yi mamakin ganin su cunkushe gaban tele.

Saboda haka, ya kai mai wasa, in an soke ka gobe, kada ka yi fushi, kada ka ɓuya. Ka dubi makon da ya wuce, ka ƙirga sa'o'in da ka ba wasan da kuɗin da ya ci, ka ga wa aka rage wa haƙƙi. In ba kowa, ci gaba da hutunka da kwanciyar rai. In akwai, ka gode wa wanda ya faɗa maka, ka rage tun kafin dara ta ci gida.